Kafin ku sayi sabon solonoyid saboda P0010

Salamu alaikum 'yan uwa. In na'urar gwajin mota ta nuna muku lambar matsala P0010, to matsalar a layin wutar solonoyid ɗin VVT na ɓangaren shan iska take, wato bawul mai aiki da wuta da ke sarrafa baƙin mai don sauya lokacin buɗewar bawulolin inji. Ba dole ba ne shi kansa ya mutu, amma wasu masu gyara da sun gani sai su ce a sayo sabo.

Ku kashe mota, ku zare soket ɗinsa ku duba. Sau da yawa baƙin mai ne ya cika shi, ko zafin inji ya busar da waya ta karye daga ciki alhali robarta lafiya ƙalau. Sai a saita mita a kan awon om (ohm), a ɗora ta a ƙafafun solonoyid ɗin biyu. A Corolla mai injin 1ZZ, in inji ya huce, ya kamata a ga om 6.9 zuwa 7.9. In mita ba ta motsa ba, nadin ciki ya yanke. In daidai ne, ku cire shi ku taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci, za ku ji ƙas. Ya amsa? To ku bi wayoyin nan biyu har ƙwaƙwalwar mota, kuna girgiza su kuna kallon mita.

Lambar P0011 kuwa daban ce, can baƙin mai da 'yar matatar solonoyid ɗin za a fara dubawa.