Ɗan Jos, kafin ka hau titin Ingila da sanyi

Ɗan Jos in zai fita waje, ka yi masa maganar sanyi, dariya yake yi. Ni ma na yi. Na sha sauka Hawan Kibo da mota a tsakiyar damina, ina ganin ba titin da zai ba ni tsoro. Wata safiya a Janairuna na farko a Ingila na taka birki a mahaɗa, ba gudu nake ba, motar ta ci gaba da sulalewa kamar an shafa wa titin sabulu, sai da taya ta daki dakalin gefe. A ido kwaltar jiƙa ce kawai, ashe siririyar ƙanƙara ce ta kwanta.

Jiya a Farin Gada ɗan yayana da ke shirin tafiya ya ce, "Kawu, ai birki mai kyau shi ne magana." Na ce masa birki taya yake riƙewa, taya kuma ta riƙe kwalta, wurin da suke haɗuwa kuwa bai fi tafin hannu ba. In ruwa ko ƙanƙara ya shiga tsakani, birkin ya rasa abin kamawa.

Littafin dokar tuƙi na Birtaniya ya ce mai gudun mil 30 a awa, wajen kilomita 48, yana buƙatar mita 23 kafin ya tsaya a busasshen titi, mai mil 70 kuma mita 96. Da ruwa a ƙalla ninki biyu, da ƙanƙara har ninki goma. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke ci ninki huɗu take yi. Saboda haka ka bar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, da ruwa huɗu. Manne wa bayan mota irin na Bauchi Road a bar shi a gida.

Kan gada ya fi saurin daskarewa. Zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, doka ce a Birtaniya. Wanda zai je Kubek a Kanada, tayar sanyi dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

In ka danne birki ka ji yana karkarwa a ƙafarka, ABS ce ke aiki, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an danne birki, kada ka ɗaga. Ni ranar ɗagawa na yi.