Idan motarka ta fara yoyon baƙin mai a Maraɗi

Wanda ya tsallako daga Katsina ko Kano ya zauna a Maraɗi ba ya shan wahalar harshe, Hausa ake yi tun daga Ɗan Isa har cikin gari. Baƙunci yana bayyana ne ranar da mota ta samu matsala. A gida kana da bakanikenka na shekara da shekaru, wanda ko ta waya ka kwatanta masa ƙarar da kake ji zai gaya maka abin da ya lalace. A nan kuwa ba ka san kowa ba tukuna. Akwai gwanaye a garejin Maraɗi, wannan ba a musu, amma kowane bakanike a duniya in ka ce masa "tana zubar da mai" kawai, ka ba shi izinin lalube da kuɗinka. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kai mota ko'ina, ka gano da idonka inda man yake fitowa. Sau da yawa gyaran bai fi ƙarfin tsakar gidanka ba.

Fara da tabbatar da cewa baƙin mai ne. Yawancin gidaje da lungunan garin nan rairayi ne, yana shanye ɗigo kafin gari ya waye, don haka ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare. Da safe ka taɓa abin da ya ɗiga. Man inji ruwan ƙasa ne ko baƙi, da santsi. Ja yawanci man giya ne a mota mai canza giya da kanta, ko man sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai kama da ruwa na lagireto ne. In ruwa ne zalla ba launi ba ƙamshi, na'urar sanyaya mota ce, ba komai. Wanda ba a kwana da shi shi ne man birki, mai ɗan fatsi-fatsi, da ake gani kusa da taya: wannan a ajiye motar har a gyara.

Daga nan ka zaro sandar awon mai, mota na tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe na 'yan mintoci. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ce. Ka riƙa dubawa kowace safiya na mako guda, za ka san ko naso ne kawai ko zuba ce ta gaske. In man na raguwa amma kwali a bushe, duba salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin ƙona man yake yi, ba zubarwa ba. In kuma ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, wannan aikin gareji ne.

Babban aikin shi ne wanki, kuma nan mutane ke yin gaggawa. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama baƙin danƙo, ta lulluɓe inji daga sama har ƙasa, ba ka iya bambance tsohon naso da sabo. Ka bari inji ya huce sarai, ka rufe altaneta da wayoyin wuta da leda, ka goge da tsumma da kananzir ko ruwan omo. Kada ka yi da fetur, ko da ka ga yaran gareji na yi. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, tartsatsi ɗaya ya isa. Bayan ya bushe ka tayar da mota ka zaga kamar minti 15, ka dawo, ka ɗauki tocila ka duba daga sama zuwa ƙasa. Mai ba ya hawa, gangarowa yake yi, iska kuma tana tura shi baya idan kana tafiya. Wurin da ya fi kowanne tsayi, ya kuma fi kusa da gaban mota, da ka gani a jiƙe, can ne tushen. Ɗigon da ke rataye a kaskon ƙasa, inda man inji ke taruwa, yakan zama baƙo ne daga sama, an sha kwance kaskon a banza saboda shi. In yoyon siriri ne, barbaɗa hodar jarirai a inda kake zargi, man zai ja baƙin layi a cikin farin.

A tsofaffin Corolla da Starlet da suka cika titunanmu, mai laifin farko robar murfin saman inji ce. Zafi yana busar da ita ta yi tauri ta tsage, man ya gangaro kan bututun hayaƙi, ka riƙa jin ƙaurin mai idan ka tsaya. Wani lokaci za ka zaro wayar fulogi ka tarar da ramin cike da mai. Canza ta aikin awa guda ne da sifana mai lamba 10. Ka kankare tsohuwar tas, ka goge bakin ƙarfen ya bushe, ka zaunar da sabuwa a cikin kwarminta, ɗan gam kaɗan a kusurwoyi kawai. Ɗaura notocin a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Ƙarfinsu bai wuce na wuyan hannu ba. Wanda ya danne su da kafaɗa ko ya karya noti ko ya murƙushe sabuwar robar.

Gam kuwa, ni ba na goyon bayan yadda ake lafta shi. Rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta faɗa cikin kasko, ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, sai yoyon jaka biyu ya zama sauke inji.

In yoyon ya fara ne bayan juye, wato canjin mai, kada ka yi nisa. Ko dai wosha ta notin juye ce aka maimaita har ta baje, ko filta ce. Tsohuwar robar filta takan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta, roba biyu kuma ba sa riƙe mai. Ana shafa wa sabuwar roba ɗan mai, a murɗa filta da hannu har ta zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Kusa da filtar akwai ɗan makunnin fitilar mai, mai waya ɗaya a kai. Shi ma yana tsatsafa, kuma ba shi da tsada. Ka leƙa kuma ɗan bawul ɗin da ke kan murfin inji, wanda tiyo ke fita daga gare shi. In ya toshe, iskar cikin inji ba ta da mafita sai ta tura mai ta kowace roba. Cire shi ka girgiza, mai lafiya yana ƙaras-ƙaras.

Shiga ƙarƙashin mota yana son kulawa a garin nan fiye da inda ka baro, domin jak yana nutsewa a rairayi. Ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, ka tokare motar da ƙarfen tokara ko gungume, ka sa dutse a bayan taya. Bulon siminti farfashewa yake yi ba sallama.

Wajen sayen kaya, tafi da tsohon a hannunka, ya fi dogon bayani. Masu shago a nan da sunayen Faransanci suka saba: juye bidanj ne, robar da kake nema juwan, kaskon ƙasa kartar, fetur esans, kuma in ka ce "petrol" kananzir za a miƙo maka. Lissafin kuɗi ma da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. In mai shago ya ce, "Alhaji, ɗari ne," sefa 500 yake nufi, jaka kuwa sefa 1,000. Kaya da yawa daga Kano suke zuwa, don haka jabun da ka sani a can yana iya biyo ka nan. Lanƙwasa robar ka gani, mai kyau tana da laushi ta koma yadda take.

Akwai inda za ka tsaya. Mai da ke ɗiga daga tsakanin inji da giyabos sil ɗin baya ne, wato robar da ke tare mai a bayan inji, sai an sauke giyabos, kuma in an sauke gara a duba kuloci gaba ɗaya. Wanda ke fitowa ta bayan babban fuli na gaba yana iya jiƙa bel ɗin tamin, bel ɗin da ya sha mai kuma ba ya daɗewa. Waɗannan ka tambayi maƙwabcinka ko abokan sahu a masallaci wa suke kai wa, ka je ka nuna wa bakaniken wurin da yatsa. Kafin nan ka ajiye lita guda a but, musamman in za ka kama hanyar Damagaram ko Yamai, kuma jar fitilar mai in ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji nan take.

Tsohon man da ka tara a jarka kada ka tuttular a lungu ko kwata. Damina na zuwa ruwa zai kwashe shi ya yi Gulbi da shi, inda masu lambu ke ban-ruwa. Kai shi gareji, yawancinsu suna karɓa.