Yadda Ake Duba Bambar Mota Kafin A Shiga Hanyar Daji

Duk damina sai na ga mutum ya sayo babbar mota daga Kwatano, ya dubi tsayinta, ya ga 4WD, alamar duk tayoyi huɗu na ja, a bayanta, ya ɗauka babu hanyar da za ta gagare ta. Rafin farko da ya gangara sai ka ji ƙarau, bamba ta rabu da jiki. Inji lafiya, taya lafiya, hancin motar ne ya riga taya isa ƙasa.

Fara da gano kasuwar da aka ƙera wa motar. Ta Amurka tana da 'yar fitila ruwan lemo a gefen gaba, ja a gefen baya, gudunta da mil ake ƙirga shi, gurbin lambarta kuma gajere ne. Ta Turai gurbinta dogo ne, santimita 52. Kada ka dogara da lambar shasi. Harafin J a farkonta yana nufin a Japan aka haɗa ta, bai faɗi inda aka yi niyyar sayar da ita ba.

Sanin wannan yana da amfani domin kowace ƙasa da abin da take tsoro. Ƙasashen Turai tun 2005 suke da dokar kare mai tafiya a ƙasa, shi ya sa bambarsu ke da laushi, cike da soso, ta miƙo gaba ta sauko ƙasa don ta ɗauke ƙafar wanda aka buge maimakon ta danne shi. Jeep Wrangler ta Turai ta fi ta Amurka dogon hanci saboda haka. A Amurka kuwa, kafin hukuma ta lissafa mota cikin na shiga daji sai ta cika huɗu daga sharuɗɗa biyar, ciki har da kusurwar hawa, wato iyakar karkatar tudun da mota za ta tunkara ba tare da bamba ta taɓa ƙasa ba, digiri 28 a gaba, 20 a baya, da tazarar santimita 20 daga ƙasa. Amma fikof ɗinsu da yawa suna zuwa da wani leɓen roba a ƙasan bamba don rage shan mai, wannan leɓen kuma shi ke fara cin ƙasa. A Ostareliya da yawa bambar ƙarfe suke sawa saboda kangaru da ke faɗo wa hanya. Ko mota ɗaya ma takan zo da fuska biyu: Volkswagen Tiguan ta farko akwai mai kusurwar hawa digiri 18, akwai mai 28.

Yanzu sai awo, kuma nan ne kowa ke tsallakewa. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti. Ɗora mata kayan da za ta ɗauka ranar tafiya, har da mutanen. Na taɓa auna wata fikof babu komai a bayanta, na gamsu, washegari na jibga mata buhunan taki. Da na zo haurawa daga wani kwazazzabo, ƙugiyar ja ta baya ta kafe a gaɓa, tayoyin suna ta watsa burji, bambar baya ta lanƙwashe kamar faranti. Sai da 'yan ƙauye suka zo da fartanya muka sare gaɓar. Tun ranar ba na awo sai da lodi.

Samu katako miƙaƙƙe mai faɗi, tura bakinsa ya tokari tayar gaba daidai inda ta taɓa ƙasa, ɗaga ɗayan bakin a hankali har ya taɓa wani abu a jikin motar. Tsuguna ka ga abin da ya taɓa, wannan shi ne zai fara karyewa. Ɗora waya a kan katakon, manhajar auna karkata za ta ba ka digiri. In babu, tef ya isa: auna tsayin wurin daga ƙasa, ka auna nisansa daga gindin taya. In tsayin ya kai rabin nisan, kana wajen digiri 27, madalla. In sulusi ne, wajen 18 kenan, motar kwalta ce. Maimaita a baya. In kuma rairayi za ka shiga, ka rage iskar taya tukuna kafin ka auna, domin motar za ta ƙara zama ƙasa.

Mafi yawan lokaci leɓen roban nan katako ke taɓawa. Kwance shi, 'yan noti ne da maɓallan roba, aikin rabin awa. Maɓallan sai sun karye, ka sayi sababbi tun kafin ka fara, ba su da tsada. Sai dai ka tsaya a kan bakanike. Wasu da sun fara kwancewa sai su haɗa da robobin da ke karkato iska zuwa lagireto da murfin ƙasan inji, su ce ba su da amfani. Suna da shi. In ka cire su, sai mota ta fara zafi a watan Afrilu, ciyawa da laka kuma su cika gaban lagireto.

Bambar ƙarfe ta mai walda ni ba na yarda da ita a motar da ke da jakar iska mai kare direba lokacin haɗari. Takan fi ta asali miƙowa gaba, ta danne hanci da nauyi, ta kuma canza yadda karo ke isa ga na'urar da ke fasa jakar. In dole sai ƙarfe, nemi wadda aka ƙera wa samfurin motarka, a ɗaure ta da noti a shasi. Wannan kuɗin ni gara in sa farantin ƙarfe na kariya a ƙasan inji.

A hanya, kada ka tunkari rami ko gaɓa kai tsaye. Shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a giya ta ɗaya. Ruwa kuwa sauka ka taka shi da sanda, ka san tsayin bakin da inji ke shaƙar iska kafin ka sa hanci.