Tarakta ta hannu ko sabuwa mai tace hayaƙi?

'Yan uwa manoma, kafin ku biya kuɗin tarakta daga Turai ko Amurka, ku duba ko tana da tanki mai shuɗin murfi na AdBlue (ruwan da ke rage gubar hayaƙi) da matatar DPF mai tace baƙin hayaƙi a salansa. Irin wannan injin yana buƙatar dizal mai tsabta, wanda sulfarsa ba ta wuce 15 ppm (kashi 15 cikin miliyan) ba. Idan ana zuba masa na jarka a bakin titi, matatar za ta toshe, nozul ya lalace, kwamfuta ta rage masa ƙarfi ana tsakiyar huɗa. Ba mai gyara ta sai mai na'urar gano matsala.

Tsohuwa kamar Massey Ferguson 375 kuwa, bakaniken gari zai iya kwance famfon manta, kayanta ma suna kasuwa. Amma kafin ku saya, ku tayar da ita da safe injin na sanyi. Shuɗin hayaƙi na nufin tana shan man inji. Ku ɗaga garma ku kashe injin. In ta sauka da sauri, haidiroli na yoyo. Kada ku yarda da mitar awanni kaɗai, ku dubi cinyewar fedar kulochi.