Shawara ga mai son ganin gidajen Tellem a dutsen Bandiagara

Jama'a in za ku gangara dutsen Bandiagara a Mali, ku sa gorar ruwa ɗaya a firiza tun dare ta daskare, ɗayar ku bar ta haka. Ku fita da an sallame asuba.

Dalili kuwa, in daga Sangha da ke saman dutsen ka taso gangarowa za ka fara yi zuwa ƙauyen Banani da ke gindinsa, ba ka jin komai, kana ta kallon ɗakunan Tellem, mutanen da suka zauna a wurin a zamanin da, can maƙale a jikin dutse kana ɗaukar hoto, sai ka shanye ruwanka ba ka sani ba. Wahalar a dawowa take, hawa ne tsaye ga rana ta take. Lokacin ƙanƙarar ta narke, ruwa mai sanyi kyauta, ba sai ka saya da tsada ba. Ni dai naɗe ta nake da tsumma.

Amma fa da sanyin hunturu ba ta narkewa da wuri, sai ka riƙe ƙanƙara kamar dutse a hannu kana ƙishi. Da damina kuma duwatsun santsi gare su.

Sannan yankin yanzu ba tsaro, ka tambaya sosai kafin ka ɗau hanya.