Babi na 7: Labarin Keken Raleigh da Lissafin Shekaru

Darasi na 1: Karatu

Iyayena da yayyena, ku ɗora yatsa a layin farko, mu karanta tare a hankali. Da yawanku kun hau keken Raleigh, mai tambarin kan zalɓe a goshinsa. A da, wanda ya saye shi sai ya naɗe ƙarfen da leda, ya riƙa goge shi da tsumma kowace safiya.

Asalinsa daga birnin Nottingham ne a Ingila. Wani ɗan ƙaramin shago ne a titin Raleigh, daga nan sunan ya samo asali. Wani lauya mai suna Frank Bowden ya yi rashin lafiya, likita ya ba shi shawarar hawa keke. Ya sayi keken da shagon ya ƙera, ya hau, ya ji sauƙi. Sai ya zuba kuɗinsa a sana'ar, aka kafa kamfani a 1888. Zuwa 1913 babu kamfanin keke a duniya da ya kai shi girma. Kekunansa sun cika Afirka da Asiya, daga baya har masana'anta ya kafa a Kano.

Kun ga lambobi biyu a labarin. Shekaru ne, ba kuɗi ba. 1888 ana karanta ta: alif ɗari takwas da tamanin da takwas. Ku faɗa da ƙarfi sau uku. Madalla.

Darasi na 2: Shekara nawa tsakani?

Muna so mu san shekara nawa kamfanin ya yi kafin ya zama na ɗaya. Sai mu yi ɗebewa. Babbar lamba a sama, ƙaramar a ƙasa, kowace lamba daidai ƙarƙashin 'yar uwarta.

1913
1888

Daga hannun dama ake farawa, wato hannun da kuke cin abinci da shi. Za a ɗebe 8 daga 3, ba zai yiwu ba. Sai 3 ta ari ɗaya a wurin maƙwabciyarta ta hagu, ta zama 13. A ɗebe 8, saura 5. Ku rubuta 5 a ƙasa.

To, a nan ne ake tuntuɓe, ku tsaya. Maƙwabciyar da aka ara a wurinta ta ragu. In kin ari mudun gero a wurin maƙwabciya, buhunta ba ya nan yadda yake. Ita ma lamba haka take. 1 ce, yanzu ta koma 0. Ku soke 1 da fensir, ku rubuta 0 a samanta. Kada ku ce za ku riƙe a ka. Ku soke tukuna.

Yanzu 8 daga 0, ba zai yiwu ba. A sake aro a wurin 9, sifili ta zama 10. A ɗebe 8, saura 2. Me ya rage a yi? A soke 9, a rubuta 8. An ara, an soke. Ku maimaita: an ara, an soke. Sai 8 daga 8, babu. 1 daga 1, babu. Amsa ita ce shekara 25.

Wanda ya samu 35 ko 135, bai soke ba ne. Kada ya ji kunya, kowa ta nan ya bi. Ya goge ya sake.

Darasi na 3: Yadda kamfanin ya ja baya

Raleigh ya saye wasu kamfanonin keke, irin su Humber a 1932. A 1960 shi ma aka haɗe shi da wani babban kamfani, Tube Investments. Mutanen Ingila sun soma sayen mota, keke ya rage daraja. Ga kekunan Asiya masu araha sun shigo kasuwa. Mu ma nan mun gani, Phoenix na Sin ya yi yawa, sannan babur ya zo. Abin tausayi shi ne ma'aikatan Nottingham, waɗanda wasunsu a nan iyayensu suka yi aiki. A 2002 aka daina haɗa keke a birnin.

Ku ɗebe 1913 daga 1960. Haba jama'a, na zaga aji na ga littattafai da yawa babu ko lamba ɗaya da aka soke. Ba mu gama magana yanzu ba? Fensir yana hannunku, me ya hana? Wanda ya ƙi sokewa, a kasuwa ma haka za a cuce shi a canji. 6 ce aka ara a wurinta, ku soke ta, ku rubuta 5. Amsa 47.

Darasi na 4

A 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya sayi Raleigh. Har yanzu ana sayar da kekuna da sunan. Ku ɗebe 1888 daga 2012.

Darasi na 5

Ku kwafi shekarun wannan babi, daga ƙarama zuwa babba. A kawo ranar Asabar.