Yadda ake haɗa eriya mai murɗi a gida don magana ta tauraron QO-100

Mu da ke Jos tauraron QO-100, wato tauraron ɗan'adam da masu sha'awar rediyo ke magana da juna ta cikinsa, ya zauna mana a wuri mai kyau. An harba shi a watan Nuwamba 2018, yana tsaye cak a digiri 25.9 gabas, don haka babu wahalar bin sa a sama kamar ƙananan taurarin da ke wucewa cikin 'yan mintuna. Daga nan garin yana kudu maso gabas, tsayinsa kusan digiri 67. Ana aika masa magana a mitar 2400 MHz, ya dawo da ita a wajen 10489 MHz. Eriyar aikawar ce za mu haɗa, irin mai murɗi wadda John Kraus ya ƙirƙiro a Amurka a 1946.

Fara da lissafi, ba shi da yawa. Raba 300 da mitarka, 2400, za ka sami tsawon zango santimita 12.5. Kewayen kowane zagaye na waya ya yi daidai da wannan, wato faɗin murɗin santimita 4 ke nan. Tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye kuwa santimita 2.8. Farantin baya kada faɗinsa ya gaza santimita 10. Da a 435 MHz za ka yi, faɗin murɗin kaɗai zai kai santimita 22, ga nauyi, ga iskar Filato ta yi ta wasa da shi, shi ya sa na fi son sabon hannu ya fara da ƙaramar.

Kayan aikin: bututun ruwa na roba mai faɗin milimita 40, wayar tagulla mai kaurin milimita 2 (masu naɗin koyil a Dilimi ba sa rasa ta), faranti na alminiyam, ɗan falle na tagulla, soket nau'in N, da dalma da ƙarfen liƙi. Ko murfin tukunya ma ya isa faranti, in dai shafaffe ne.

Ja layi miƙaƙƙe a jikin bututun, ka diga alama duk bayan santimita 2.8. Idan kai tsaye za ka nuna eriyar ga tauraron, yi zagaye 16, wanda zai ci waya mita biyu da ɗan abu. Idan a gaban dish za ka kafa ta, zagaye 3 zuwa 5 sun wadatar.

Yanzu ga inda mutane ke tafka asara. Tauraron yana karɓar sigina mai juyi ta dama. Eriyar da za ta kalle shi kai tsaye, sai murɗinta ya bi irin na kusa mai zare da kafinta ke ɗaurawa. Ajiye ɗaya kusa da kai kana kallo kana naɗi. Amma dish yana juya sigina idan ta bugi fuskarsa, saboda haka eriyar gaban dish ta hagu ake naɗa ta, akasin kusar. Juya bututun kai ƙasa ba ya gyara komai, murɗin dama yana nan a damansa. In ka yi kuskure, sai warwarewa.

Abu na biyu shi ne gindin wayar. Ita eriyar tana da turjiya kusan om 140, kebul ɗinka kuma 50, don haka sai an daidaita su. Huda farantin a gefen bututun, ba a tsakiya ba, ka ɗaura soket ɗin, ka liƙa bakin wayar a tsinkensa. Sai ka kwantar da rubu'in zagayen farko dab da farantin, ya fara da tazarar milimita biyu ko uku yana tashi a hankali, ka liƙa masa fallen tagullar nan. Haɗa na'urar awon SWR, mai nuna yadda eriya da kebul suka dace da juna, wadda ta kai 2.4 GHz (2400 MHz ɗin nan), ka riƙa danna fallen ko ɗaga shi kaɗan-kaɗan har awon ya sauko ƙasa da 1.5. A nan ake son haƙuri. Sauran ma'aunan ko ka kauce da milimita ɗaya ko biyu eriyar za ta yafe maka.

Ɗaure wayar da ɗigon gam a wurare kaɗan, kada ka dulmuya ta. Rufe bakin bututun, ka naɗe soket da tef mai hana ruwa, domin ruwan Agusta na Jos ba ya raina ƙofa. Kebul ya zama gajere sosai, don a wannan mita yana shanye ƙarfi. Gara ka kai amfilifaya gindin eriyar.

Wajen saiti, fara da kunne. LNB, wato kan karɓar sigina na dish ɗin talabijin, da ƙaramar na'urar SDR, rediyon da ake haɗawa da kwamfuta, za su nuna maka alamar tauraron, siginar da yake fitarwa kullum, a kusa da 739 MHz, domin LNB yana sauko da mitar. In ka same ta, ka daidaita eriyar aikawa a wannan fuskar, ka aika da ƙaramin ƙarfi ka saurari kanka, kada muryarka ta fi alamar tauraron ƙarfi. Sai mai lasisi da lambar kira ta 5N ke da izinin aikawa. Kada kowa ya tsaya gaban eriyar tana aiki, kuma da ka ji tsawa ta taso, cire kebul ɗin daga rediyo.